Garwashin Cuan

A ƙauyenmu da ke gindin tudu, can yammacin ƙasar Eriu, in wutar mace ta mutu, gidan Ronnat take nufa da kasko. Ronnat za ta ba ta garwashi, amma sai ta haɗa mata da baƙar magana, ta ce wace irin ragguwa ce ba ta iya rufe wuta da toka ba. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, shanunta biyu, ba ta taɓa haihuwa ba. Ita da mijinta Cuan suka tsufa a ɗaki ɗaya, ita tana faɗa, shi yana gyangyaɗi.

Sau ɗaya tak a shekara murhunta ke sanyi, wato ranar Beltan, farkon lokacin ɗumi. Ran nan kowane gida sai ya kashe wuta ƙurmus. Maza su hau tudu su yi ta murza itace har sabuwa ta kama, boka ya kira sunayen alloli, a kora shanu ta tsakanin wuta biyu don cuta ta bar su, kowa ya ɗebi garwashi ya kai gida. Kowa ya san in akwai ko da ƙwayar tsohuwar wuta a gari, sabuwa ba za ta kama ba.

To, wutar shekarar nan Cuan ne ya sauko da ita da hannunsa, kuma da sanyi ya tsananta ya kwanta, bai tashi ba. Ronnat ba ta yi kuka gaban kowa ba. Abin da ta sa a rai shi ne Samain, wadda sai bayan Beltan take zuwa, lokacin da matattu ke zagayowa su ji ɗumi a murhun gidajensu. Cuan mutum ne da ko da rana tsaka yakan ɓace hanya. Tana ganin in ba wutarsa ya hango ba, zai wuce ta bai sani ba.

Da Beltan ta zo, sai ta watsa wa murhu ruwa a gaban maƙwabta, alhali ta riga ta ɓoye garwashi ɗaya cikin tukunya a ƙarƙashin gado.

Maza suka murza itace tun safe har rana ta karkata, ko hayaƙi babu. Shanu na ta kuka a shinge, ga tari ya fara kama maruƙa. Boka ya ce akwai wuta a wani gida, shi dai bai kira suna ba. Ronnat na tsaye cikin mata, har da ita a tsine wa mai wannan aiki.

Ta sulale gida, sai ga Faelan, ƙanin Cuan, ya biyo ta. Ya zauna bakin ƙofa ya roƙi ruwan wanke hannu. Tafukansa duk sun saɓule, jini na tsattsafowa. Ya yi ta zancen maraƙinsa da ya ƙi shan nono, idonsa kuwa na kan gadon.

"Matar yaya," ya ce, "ɗakin nan naki da ɗumi."

Ta ce hancinsa ya cika shisshigi. Can kuma muryarta ta karye. "In yayanka ya zo ya tarar da wutar da bai sani ba fa? Wucewa zai yi, Faelan."

Faelan ya yi dariya har da hawaye. "Yaushe Yaya ya taɓa gane gida da wuta? Muryarki yake bi. Tun daga rafi muke jin ki."

Ta ɗaga muciya kamar za ta kwaɗa masa, sannan ta ajiye. Ta durƙusa ta jawo tukunyar. Garwashin na nan jawur cikin toka, ɗan ƙarami, bai fi ƙwan tsuntsu ba. Ta daɗe tana kallonsa, Faelan bai ce mata ta yi sauri ba. Ta ɗauki ruwan da ya wanke hannu ta zuba, ya yi cuu.

Faelan ya koma tudu. Ita ta tsaya a ƙofar ɗakinta mai sanyi, ta fuskanci yamma inda matattu suke, hawaye na zuba, ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Kai Cuan, malalacin banza! In Samain ta zo ka wuce ƙofar nan, sai ka gane kurenka."