Sunan Malam a Gaba

Shekarar da na nemi ƙarin girma a jami'a, na rame har matata ta fara tambaya ko ciwo nake ɓoye mata. Ina koyar da kimiyyar kwamfuta a Birnin Kebbi, kuma a aikinmu ba a duba gumin mutum. Abin da ake dubawa shi ne sau nawa wasu masana suka ambaci maƙalarka a tasu, da kuma su wa ka yi aiki tare da su. Akwai shafi a intanet da ke tara wannan, kowa na iya leƙa naka, har wanda ba ya ƙaunarka.

Nawa shafin ba abin kunya ba ne, ana ambatona daidai gwargwado. Sai wani abokin aikina da ke kusa da kwamitin ƙarin girma ya ja ni gefe ya ce in yi hattara. Duk maƙalar da na taɓa fitarwa sunan Malam, wato tsohon malamina, ne a gaba, nawa na biye, don haka masu tantancewa na waje za su ɗauka ni ɗan rakiya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni na san wanda ya yi aikin. To amma a gidanmu yaro ba ya shiga gaban babba ko a hanyar masallaci, balle a takarda. Malam shi ya koya mini bincike, shi ya tsaya mini har na samu aiki, ya yi ritaya ya koma Argungu ban daina sa shi a gaba ba.

Lokacin ina da sabon aiki a hannu, manhajar da ke gane cutar shinkafa daga hoton ganye, wadda na sha yawon fadamar Ambursa a kanta. In ban fito a gaba a wannan ba, ƙarin girman ya wuce ni. Na shiga motar Argungu ina ta shirya magana a zuci, in ɗinka in warware.

Na same shi a zaure, aka kawo fura, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na tambayi gona, na tambayi ƙafarsa, na koma kan gonar. Da ya ga ina ta kewaye-kewaye, sai ya ajiye ludayi.

"Ɗana, mi ya kawo ka? Hwaɗi."

Na faɗa, kaina a sunkuye. Na zaci zai yi fushi, ko ya yi shirun nan na manya da ya fi faɗa ciwo. Murmushi kawai ya yi.

"Aikin ga naka na. Hidda sunana gaba ɗai. Sai dai ka sani, mutanen ga sun saba da ni, kai ba su san ka ba tukuna."

Na dawo gida sakayau, har da tsarabar kifi. Maƙalar ta fito da sunana ni kaɗai, kuma a ganina ban taɓa yin aikin da ya kai ta ba.

Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, wata daminar ta kama. Tsofaffin maƙalun da ke ɗauke da sunan Malam suna ta samun ambato kamar da. Sabuwar kuwa ko mutum ɗaya bai taɓa ta ba. Abokai suna cewa in yi haƙuri, irin wannan yana ɗaukar lokaci, ni ma haka nake faɗa wa ɗalibaina. Amma tsoro ya riga ya shige ni, don yanzu ban san ko an taɓa karanta ni ba, ko kuwa duk shekarun nan sunan Malam ake bi.