Ranar da Aka Karɓe Usur Daga Hannun Baba

Warin toka idan ruwa ya taɓa ta, shi ne abin da har yau ba na iya jurewa. Jiya da safe matata ta kwashe tokar murhu ta zubar a bayan gida, yayyafi ya sauka a kai. Ina fitowa warin ya bugi hancina, sai na tsinci kaina a tsaye riƙe da makullin babur kamar wanda ya manta inda za shi. Kai da ka taso a birni, wataƙila ba ka san da toka ake ja layin filin ƙwallo ba. Mu a ƙauyenmu, can gindin duwatsun da ke bayan Zuru, da ita muka san layi, kuma Babana ne yake ja.

Baba tsohon soja ne, kamar rabin dattawan ƙauyenmu. Ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu, da akwatin ƙarfe, da wani usur mai koriyar igiya da ba ya rabuwa da wuyansa sai zai shiga coci. Ba wanda ya naɗa shi koci. Ya ga samari suna bin ƙwallo a fili kamar kaji sun ga fara, ya tsaya ya busa usur, suka tsaya, shi ke nan ya zama koci. Kowace Asabar da sassafe yana ɗaukar bokiti ya bi gida gida yana roƙon toka. Mata suna ganin ɗingishinsa daga nesa sai su fara dariya, su ce ga mai kwashe musu murhu kyauta ya iso. Mama kuwa ba dariya take yi ba, don ko tokar da za ta tace ta sa a miya sai ta ɓoye masa a ƙarƙashin rumbu.

Idan ya tara, sai ya ɗaure igiya daga wannan turke zuwa wancan, ya yayyafa wa tokar ruwa don kada iska ta kwashe, ya sunkuya yana zubawa da tafin hannu. Ban taɓa ganin layinsa ya karkace ba.

Yadda yake koyar da ƙwallo, daga gona ya samo shi. A wurinmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya shafe shekaru yana yi wa iyayen yarinya noma, shi da abokansa, a jere da garma, kowa da kunyarsa. Baba ya yi nasa kafin ya shiga soja, kuma ya ce a golmo wanda ya ruga gaba ya bar 'yan'uwansa shi ne ke ɓata gona, ko da ya fi kowa ƙarfi. Haka yake so mu yi a fili. Ƙwallo a ƙasa, a tafi tare, a dawo tare. Idan wani ya fi ka kyakkyawan wuri, ka ba shi. Kuma duk wanda bai yi fashin atisaye ba sai ya buga, ko da ƙafafunsa biyu duk na hagu ne.

Mun iya ƙwallo, wannan ko maƙiyinmu ya shaida. Mutane suna tasowa daga Manga a kan kekuna don su ga yadda muke zagaya abokan karawa har su rasa inda ƙwallon take. Tsofaffin mata da ba su san dokar wasa ba suna guɗa idan muka yi fasin goma ba a taɓa ba. Sai dai shekara uku ana gasar ƙauyuka bayan girbin dawa, shekara uku muna komawa gida da tafi, wasu suna komawa da kofi.

Akwai wata bishiyar ɗorawa a gefen filin, a ƙarƙashinta dattawa suke zama ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, da ƙoƙunan burkutu a gabansu. Nan ake yi wa Baba shari'a kowane mako, yana zaune yana saurare. Wanda ya fi kowa zafi ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota, muna kiransa Baba Ƙarami. Shi a ganinsa aikin koci ɗaya ne, ya kawo kofi. Yakan ce ya zagaya garuruwa, bai taɓa ganin inda aka rataya tafi a bango ba. Tsohon hedimasta shi ke tare wa Baba faɗa. Yakan ce shi dai abin da ke fito da shi daga gida da sandarsa wasan ne, kuma kofi ƙarfe ne da ke tsatsa. Su yi ta yi har rana ta karkata. Baba kuwa sai dai ya riƙa juya usur ɗinsa a hannu.

Ni fa a raina ina tare da Baba Ƙarami, gara in faɗa maka tun yanzu. Shekarata goma sha shida, ni ne mai cin ƙwallon ƙungiya, kuma kaina ya fara girma. Ina son a ɗaga ni a kafaɗa. Ina son 'yan matan mawaƙan coci su san sunana.

A shekara ta huɗu muka kai wasan ƙarshe, saura kwana kaɗan Kirsimeti, da wasu ƙarti daga wajen Ribah. An gama girbi, karan dawa a tsaye a bushe kewaye da fili, yara sun hau kan duwatsu, mata sun bar girki. Baba ya ja layi sau biyu a ranar, don ƙafafun 'yan kallo sun share na farko. Tun kafin hutun rabin lokaci suka zura mana ɗaya, suka koma gaban ragarsu suka tsaya kamar katanga. Muka yi ta zagayawa, ƙwallo tana hannunmu, raga ta ƙi.

Saura kamar minti biyu ƙwallo ta same ni. Na wuce mutum ɗaya, na wuce na biyu, sai ga ni ga gola, babu kowa tsakaninmu. Golan nan ƙato ne, ya fito ya buɗe hannuwa yana ihu. Na ji ƙauyenmu kaf yana kiran sunana. A nan ne ƙafata ta dama ta ɗauki rawa, na ga idan na buga na zubar, ni za a riƙa nunawa da baki har in tsufa. Na waiwaya hagu, na ga ɗan maƙerin ƙauyenmu yana tahowa da gudu. Yaro ne mai ƙoƙari, bai taɓa fashin atisaye ba, amma nauyin ƙafa gare shi, kuma akwai mutum manne da shi. Na tura masa. Bai zaci zan ba shi ba, ya kai mata shuri a gigice, ta tashi sama ta faɗa cikin kara. Alƙalin wasa ya busa.

Ka lura da abu ɗaya. Dokar Baba ita ce a ba wanda ya fi kyakkyawan wuri, kuma a ranar nan ni ne na fi kowa kyakkyawan wuri.

Lahadin da ta biyo baya ɗorawa ta cika har da waɗanda ba su saba zama ba. Aka ce a kira ni. Na zo na durƙusa a gaban dattawa, Baba yana gefe a kan dutsensa. Baba Ƙarami ya dube ni ya ce, “Ɗana, faɗi gaskiya gaban iyayenka. Ga ka ga raga. Mi ya hana ka bugawa?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Dokar Baba ce. Ya ce a riƙa ba wani.”

Wuri ya kaure da surutu. Ko hedimasta sai tona ƙasa yake ta yi da sandarsa. Ban ɗaga ido ba, amma na ji Baba yana kallona, kallo mai tsawo. Daga nan ya tashi da ɗingishinsa, ya cire usur daga wuya, ya miƙa wa ƙaninsa. Abin da kawai ya ce shi ne, “Igiyar ta tsufa, ka canza ta kada ta tsinke maka a fili.” Ya ɗauki hularsa ya nufi gida.

Ba zan zalunci Baba Ƙarami ba, abin da yake faɗa shi ya aikata. Ya zaɓi manyan yara goma sha ɗaya, ya sallami sauran, ɗan maƙeri ne na farko. Tsarinsa ba wuya: duk wanda ya samu ƙwallo ya doka ta sama wajena, sauran aiki nawa ne. Wasanmu ya koma kamar faɗan kasuwa, mutanen Manga suka daina zuwa, tsofaffin mata suka daina guɗa. Amma a shekarar da ta biyo baya muka ɗauki kofi, ni na ci biyu a wasan ƙarshe, aka ɗaga ni a kafaɗa har ƙofar coci. Na ji daɗi, ƙarya ne in ce ban ji ba. Ƙauyenmu ya daɗe bai yi murna irin ta ranar ba.

Abin da ke cin raina shi ne, Baba bai daina bin gidaje da bokiti ba. Ba wanda ya sa shi. Kowace Asabar zai ja layinsa tas, ya wanke hannu, sannan ya hau can kan dutse inda yara ke zama ya yi kallo daga nesa. Da suka ɗaga ni a kafaɗa na hango shi yana tafi shi kaɗai. A gida kuma shi da ƙaninsa, da suke cin tuwo a kwano ɗaya tun suna yara, Mama ta koma zuba musu daban daban. Ɗan maƙeri bai sake taɓa ƙwallo ba. Har ya bar ƙauye yara suna tsokanarsa da mai harbin kara.

Shekara ashirin da wani abu na riƙe maganar nan a ciki. Na yi karatu, na zama malamin makaranta a cikin gari, na yi aure. Sai da ciwo ya kwantar da Baba a wata damina, na je na zauna kusa da shi da hantsi, ruwa yana zuba a kan rufin kwano, sannan bakina ya buɗe. Na ce, “Baba, ranar nan ba dokarka ba ce. Tsoro na ji.”

Ya yi murmushi idonsa a rufe. Ya ce, “Na sani. Na ga ƙafarka tun kafin ka waiwaya.”

Na ce, “To me ya sa ba ka faɗa musu ba?”

Ya ce, “Da na faɗa, ƙwallon za su raba ka da ita, kana yaro. Ni usur kawai suka karɓa.”

Na kifa kaina a bakin gadonsa na yi kuka kamar ɗan shekara sha shida. Bai ga girbin wannan shekarar ba.

Yanzu idan na shiga gidan kallon ƙwallo a Zuru, gardamar ɗorawa nake tararwa ba ta canza ba, sai dai a kan kocin Turai ake yi. Wannan ya ce a kore shi tun da bai kawo kofi ba, wancan ya ce ai wasansa akwai daɗin kallo. Wani lokaci waɗanda suka san na taɓa bugawa sukan juyo su ce, “Malam, kai me ka gani?” Sai in ce musu ni duka irin kocin nan biyu na yi wa wasa, ɗaya ya ba ni kofi, ɗaya ya rufa mini asiri. Su kan yi dariya, sun ɗauka wasa nake.

Ɗorawar tana nan, amma yawancin masu zama a ƙarƙashinta sun kwanta dama, samari kuma sun watse. Ɗan maƙeri yana raye, an ce mini yana gyaran babura a Bena, kuma har yau ban je na gaya masa abin da na gaya wa Baba ba. Na karɓi lambar wayarsa tun bara.

Jiya da matata ta ga na tsaya a kan tokar nan, ta tambaye ni ko lafiya. Na ce ta daina zubarwa, ta riƙa tara mini a bokiti. Filin makarantarmu ba shi da layi, yara suna ta gardamar ko ƙwallo ta fita. Asabar mai zuwa zan ja musu, ko da nawa ba zai miƙe kamar na Baba ba. Idan na wanke hannu, sai in kama hanyar Bena.