Mai Amsa Gajiya a Asibiti

Inna Gumsu, Babarbariyar Fagge, ita ce mai wankin zannuwan gado a ɗakin mata masu ciwon daji na wani asibiti, can shekarun da Turawa suka fara ɗaure kayansu. Gajeriya ce, bakinta ja wur da goro, kuma ba ta wuce mutum ba gaisuwa ko da bahon ruwan zafi ne a kanta.

A zamanin, daji ba shi da magani sai wuƙar likita, wankin miki da allurar rage raɗaɗi. Da yawan waɗanda ake kwantarwa ba da ƙafarsu suke fita ba. Ma'aikata kuwa, kowa haɗiye abinsa yake yi.

Sai aka kawo sabuwar nas, Philomena, 'yar Sabon Gari. Hausarta ta kasuwa ce, ta iya taya doya amma gaisuwa da saura. Wata safiya, bayan an fitar da gawar wata mata da ta daɗe tana jinya a hannunta, Inna Gumsu ta same ta a bakin famfo.

"Sannu da aiki, 'yata. Ina gajiya?"

"Akwai, Mama. Akwai da yawa."

Malam Modu mai ɗaurin miki, da ke wucewa, ya kusa ɓarar da tirensa don dariya. "Nas, ba haka ake cewa ba. Ko jan ciki kike yi, 'ba gajiya' za ki ce."

"In yi ƙarya?" in ji Philomena. "Ni ƙarshen wata zan bar aikin nan. In wanke, in ɗaure, su mutu."

Inna Gumsu ta sauke bahonta. "Modu, kai da ka iya amsa, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Inna."

"To jiya wa na gani a bayan ɗakin magani yana share ido da hula?"

"Hayaƙin murhunki ne."

"Jiya ban hura wuta ba."

Modu ya shiga gyara almakashi a kan tire, alhali bai karkace ba.

Inna ta kifa bahon, ta zaunar da yarinyar a kai, ta miƙa mata kwanon furarta. Modu ya karɓi wankin mikin safe, Inna kuma ta shiga juya marasa lafiya da ba su koko. Daga ranar abin ya zama ɗabi'ar ɗakin: wanda ya ce akwai, ya hau baho, sauran su raba aikinsa. Ana cewa har likita ya taɓa zama, sai dai bahon ya lotsa.

Ranar ƙarshen wata, Philomena ta zo wurin wanki da farar rigarta ta aiki a ninke. Inna ta dubi rigar, ta daina tauna goro.

"Mayar musu za ki yi?"

"Wanki na kawo, Mama. Amma kar ki cika bula, Litinin zan sa."