Haƙori Guda Ya Ɗauke Dalyop

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, Dalyop Pam ya rasu a wani asibiti a arewacin London, yana da shekara ashirin da shida. A coci an sanar cewa gajeriyar rashin lafiya ce. An dai sakaya magana. Haƙori ne ya kashe ka, Dalyop, kuma da hannuna a ciki.

Kai ka tare ni a Tottenham ban san kowa ba, ka ba ni rigar sanyinka kana ƙaryar wai ta matse ka. Kai ka yi mini katin laburare, ka ce tunda bakina ba ya hutawa, gara ya samu abin faɗa. Ranar da nake da appointment a ofishin shige da fice na Croydon, awa uku ka tsaya cikin ruwa kana jirana.

Da kumatunka ya fara kumbura, Bahram ne ya lura, dattijon Iran da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi. A ƙasarsu likitan haƙori ne, a nan goge ƙasa yake yi. Ya haska bakinka da fitilar waya, ya ce haƙorin can ƙurya ne, mai fitowa bayan mutum ya girma, ya kwanta a karkace cikin dasashi ya kasa ɓullowa. Ya ga irinsa ba adadi a bakin samarin garinsu Shiraz, galibi a muƙamuƙin ƙasa, kuma in ya tara mugunya ba a jira.

Muka dubi tsumman hannunsa, muka yi dariya. Ni mai bakin, na ce, "Baba, mu a Jos kanumfari da ruwan gishiri ne maganinsa." Ni na sayo kanumfarin. Kai kuma kana tsoron fasa shift ɗin aiki ka je asibiti, kada manaja ya taɓa maka takardun zama. Kwana tara kana tauna da gefe ɗaya, har kumburin ya gangaro wuya ya toshe numfashi. Sai bayan an rufe ka na buɗe littafi. Duk abin da tsohon ya faɗa yana ciki.

Ubangiji ya karɓe ka cikin hutunsa, ɗan'uwana. Ya ta'azantar da ƙanwarka Tabitha da duk dangi a Bukuru.

Mama Juliana, kin aiko da godiya wai na kula da ɗanki har ƙarshe. Kada ki sa mini albarka tukuna, Mama. Ki sa a karanta miki wannan. In bayan nan kin iya yafewa, ina jira.

Obadiah, Tottenham