Ranar da na saki ruwa bai kwanta ba

A shekarar da soja suka koma bariki, ina aiki a wani kamfanin wanke injunan manyan motoci a gefen Makera. Aikina shi ne kula da ƙaton kwatamin da ke bayan kamfanin, inda duk ruwan wankin yake taruwa, baƙi ƙirin, mai yana yawo a kansa. Sai in zuba alam, farin dutsen nan da ake sa wa ruwan rijiya, in dama da sauri, sannan in dawo ina juyawa a hankali. Dattin yakan dunƙule kamar awara ta ji ruwan tsami, ya nutse ƙasa. Man da ya taso in kwashe shi da kwano. Sai ruwan ya yi garau ake buɗe bututu ya gangara rafi. Duk aikin haƙuri ne, ni kuwa ba a san ni da shi ba.

Ranar da za a rantsar da farar hula, kowa ya tafi gaban talabijin a ɗakin maigadi. Ni ma fa ɗan ƙasa ne! Na watsa alam, na dama sama-sama, na buɗe bututu ruwan bai kwanta ba, na yi gaba abina. Har tafi na yi da aka yi rantsuwa.

A ƙasan rafin akwai lambun wata dattijuwa, mutuniyar kudancin jiharmu, maƙwabciyarmu a gidan haya. Mama muke ce mata. Mijinta ya rasu, alayyafo da yakuwar lambun nan su ke riƙe da ita da jikokinta. Damina ba ta kankama ba, da ruwan rafin take ban ruwa.

Bayan kwana biyu ta yi sallama a ƙofata, da ganye a hannu, ya yanƙwane, maiƙo ya manne masa.

"Ɗana, kai ne ka san aikin ruwa," in ji ta. "Abeg, don Allah zo ka duba mini, lambuna ya mutu."

Na bi ta zuwa lambun. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko ido na kasa haɗawa da ita. Na haƙa mata ɗan rami a gefe, na nuna mata yadda za ta riƙa tara ruwa ta sa alam ta jira ya kwanta. Ni ne har da yi mata wa'azi: "Mama, kada ki yi gaggawa, sauri ya haifi nawa." Har yau in na tuna bakina ne ya faɗi haka, kunya takan rufe ni.

Ta yi ta sa mini albarka. Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai ta juya ta dubi kunyoyin da suka yi baƙi, ta ɗaga hannuwa sama.

"Wanda ya yi mini wannan, ban san shi ba, amma Allah ya san shi. Allah ya isa tsakanina da shi. Ka ce amin, ɗana."

Na dubi ƙasa, na ce amin.