Waken da Na Tuge a Gonar Baba

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau in aka ajiye mini wake a kwano sai na tuna abin da na yi masa a ƙauyenmu Karare.

Zamanin kuɗin fetur ne. An turo ni Batsari malamin gona, ga sabon babur, ina jin kamar ni ke saukar da damina. Gwamnati ta ce manoma su kafa ƙungiyar gama kai, a ba su taki da sabon irin dawa, da sharaɗin a shuka ta ita kaɗai, layi-layi. Baba ya shiga don kada a ce uban malami ya ƙi. Amma da dawa ta tashi, sai ya bi tsakaninta ya zuba wakensa, yadda ya gada.

Gonarmu a bakin hanya take. Da aka ce manya za su zo daga Kaduna duba gonakin ƙungiya, sai na ji nauyin a ga haɗe-haɗe a gonar ubana. Ranar kasuwar Batsari, yana can, na shiga na tuge waken nan kaf, ya ma fara fure. Manya suka zo, suka yaba, aka ɗauke ni hoto.

A shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri, dawar ta bushe a tsaye. Maƙwabtan da suka yi mini kunnen ƙashi suka yi roron wake, suka tara harawa. Mu ba hatsi, ba abincin dabba, dole Baba ya sayar da shanun nomansa biyu.

Ni ne ɗan fari, bai taɓa kama sunana ba. Ranar da aka ja shanun zuwa kasuwa, ya dube ni ya ce, "Malamin gona, hoton dai ya fito?" Na ce ya fito. Ya ce to, madalla. Bai ƙara tada maganar ba, ni kuma girman kai ya hana ni neman gafara har ƙasa ta rufe shi.

Kwanan baya na ji malaman gona na yanzu a rediyo suna koya wa ƙungiyoyi haɗa wake da dawa, wai yana gyara ƙasa. Da Baba yana nan, na san murmushi kawai zai yi. Ni kam kunya ce ta rufe ni.

Gonar an raba, iliminsa kuma ga shi ya dawo ta bakin gwamnati. Rabona shi ne abin da muka tarar a akwatinsa, naɗe cikin rawani: hoton nan. Ina tsaye ina dariya, bayana dawa layi-layi, ko ganyen wake ɗaya babu.