Kunyar Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. Sai dai ya ce "kai", ko ya ce wa wani, "ka gaya wa wancan yaron." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Har na yi gemu ba mu taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Da 'yan bindiga suka tashe mu daga gonarmu ta wajen Dogon Dawa, sai muka dawo cikin garin Birnin Gwari, ni da shi, a ɗaki biyu na aro. Inna ta riga ta rasu. Ƙanin Baba, wato Baffa, shi ya ƙi barin ƙauye saboda masarar da ba a cire ba. Kuma duk duniya Baffa kaɗai Baba ke buɗe wa cikinsa.

Na fara lura ya daina hawa keke. Sai ya ajiye wando ya koma ɗaura zani, yana tafiya yana ware ƙafafu. Daga nan salla ta koma a zaune. In na ce, "Baba, lafiya?" sai ya kalli bango ya ce, "Basir ne. An ji labarin Baffanka?" Hanya kuwa a rufe take, waya ba ta shiga. Ashe jiransa yake yi ya zo ya nuna masa abin da ba zai iya nuna mini ba.

Turaren wuta ne ya tona asiri. Mutumin da bai damu da ƙamshi ba ya kama turara ɗaki safe da yamma, amma wari ya fi ƙarfin turaren, kamar ɓera ya mutu a bayan buhu. Wata safiya na same shi yana rawar ɗari, bai san inda kansa yake ba. Na ɗaga zanin. Innalillahi! Marainansa sun kumbura sun yi baƙi ƙirin, fatar tana saɓulewa.

A asibiti suka shiga da shi tiyata, suka yanke duk naman da ya mutu. Likitan ya fito ya ja ni gefe.

"Kai ne babban ɗansa? To zan gaya maka gaskiya. Wannan ciwo gudu yake yi. In ya tsaya a maraina, da yawa sukan tashi. Nasa ya haura mara, ya kusa cibiya. Ga shekaru, ga ciwon suga. Me ya sa ba ku zo da wuri ba?"

Me zan ce masa? In ce kunya? Wallahi ranar na tsani kunyar nan, har yau kuma ban huce ba.

Na ce, "Likita, zai tashi?"

Ya ce, "Rai na Allah ne. Amma ka riƙa duba jakar fitsarin can. Muddin tana taruwa, ƙodarsa na aiki, muna da abin riƙewa."

Sai na koma mai gadin jaka. Ina zaune a gindin gado, idona a kan robar nan, ina murna da kowane ɗigo. Da farko tana taruwa. Bayan sun sake shiga da shi sun ƙara yanka, sai ta fara ja baya, abin ciki ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Duk lokacin da za a wanke ciwon, in yana cikin hayyacinsa, sai ya yi wa nas alama da hannu a fitar da ni. Ko a nan ma, Baba!

Wata la'asar ina tsugune ina leƙen jakar, ba ko ɗigo tun safe, sai na ji an kira sunana. A hankali, cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Na waiga bakin ƙofa ina neman wanda ya shigo, na zaci Baffa ne ya samu hanya. Babu kowa.

"Taso ka zauna a nan," in ji Baba, yana dafa gefen katifa.

Na tashi na zauna. Ban sake duba jakar ba.